Tirela Mai Tsawon Taƙi Huɗu

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Yola ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya miƙa Nguru a 1930, ya ratsa Gombe a 1963, ya tuƙe a Maiduguri a 1964, ƙasar Adamawa kuwa sai dai jin labari. Kogin Binuwai ne ya fara raya Jimeta, zamanin da jiragen ruwan kamfanonin Turawa ke haurowa da damina in ruwa ya cika, su sauke haja su ɗebi amfanin gona. Da wannan zamani ya shuɗe, sai kaya suka koma bayan manyan motoci. Shi ya sa yaron Jimeta, in hannunsa ya fara ƙaiƙayin ƙira, ba jirgi yake ƙerawa ba. Abin da ya gani yana hawa gada yana nishi shi yake ƙerawa: tirelar siminti, tankar mai, tifar yashi, da gingimarin shanu mai bodin katako.

Dalilin kawo zancen jirgi shi ne, a Turai da Amurka da Japan akwai dattawa masu furfura da ke ƙarar da shekaru suna gina ƙaramin layin dogo a cikin ɗaki, da tasha da gada da duwatsu, jirgi na yawo da lantarki. Mafi shahara shi ne Miniatur Wunderland na birnin Hambag a Jamus, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Dogon da ke ciki, in da za a miƙe shi, ya haura kilomita 15, kuma duk minti 15 dare kan yi gari ya waye, fitilun ƙananan gidaje su kama su mutu. A wurin masu wannan harka girma ba shi ne abin yabo ba, balle ƙyalli. Yabo shi ne a ɗauki hoton abin da ka gina, a nuna wa tsohon ma'aikacin jirgi, ya yi ta kallo bai gane ba na gaske ba ne. Wannan buri shi ne dai burin gwanin da ke ƙera tirela da gwangwani a lungunan Jimeta, kuma hanyarsu kusan ɗaya ce, ko da yake wancan yana da mujallu da kantunan kayan aiki, wannan kuwa juji ne kantinsa.

Kusan kowa da kara ya fara. Bayan kaka, in an girbe dawa, yaro ya samo busasshen kara, ya ɓare ɓawon, ya tsattsaga shi siri-siri. Farar totuwar ciki ita ce katako, tsagin ɓawon shi ne ƙusa. A soka wannan cikin wancan har mota ta tashi, a fafe sakaina a yi taya. Motar kara ba ta daɗewa, ko akuya ta ci ko ƙane ya taka. Yawancinmu nan muka tsaya. Ƙalilan ne suka wuce zuwa waya da langalanga da gwangwani, a cikinsu ma ɗaiɗaiku ne suka kai matsayin da babban mutum zai tsaya ya ce a miƙo masa ya gani.

Irin wannan gwani ba da almakashi yake fara aiki ba. Za ka same shi inda manyan motoci ke kwana, wajen tashar Jambutu ko bakin hanyar Numan, a tsugune yana leƙen ƙarƙashin tirela kamar wanda ya yar da kuɗi. Ƙirga yake yi. Taya nawa ne a kai, nawa a bodi, waɗanne ne guda-guda, waɗanne ne bibbiyu. A ina tankin mai yake rataye, ta wane gefe salansa ta fito, a ina yaron mota ke ɗaure jarkar ruwa da buta da weji. A wurinmu masu wucewa, tirela tirela ce. Shi kuwa tun daga nesa zai gaya maka wannan DAF ce, waccan MAN, ta bayanta Howo ce 'yar China, ga kuma tsohuwar Marsandi 911 mai hanci da ake ɗora wa bodin katako. Kowacce da irin goshinta da yadda fitilunta suka zauna.

Ba ya zuwa da tef, taya ce ma'auninsa. Tayar tirela a tsaye kimanin mita 1 ce, sai ya auna sauran motar da ita da ido: faɗi taya biyu da rabi, tsawon bodi taya goma sha biyu. In ya koma gida, abin da zai fara yankewa taya ce guda ɗaya. Ya karya tsinken tsintsiya daidai faɗinta, kuma daga nan wannan tsinken ne ke mulkin duk abin da zai biyo baya. In tayar santimita 5 ce, to ya rage motar sau 20 ke nan, ko da bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba: faɗi zai zo santimita 12 da rabi, bodi santimita 60. Ƙofa, bamba, matakala, duk sai sun bi tsinke. A nan ake gane ɗan koyo. Zai yi bodi mai kyau, sannan ya manna madubin da, in da a motar gaske ne, ya kai ƙyauren ɗaki. Mai kallo ba lalle ya iya nuna inda aka kuskure ba, amma idonsa ba zai yarda da motar ba.

Masu ƙananan jirage ma haka suke, sai dai nasu ma'aunin a rubuce yake. Wanda ya fi yaɗuwa suna kiransa HO, inda ake rage komai sau 87, mutum ya dawo santimita 2. Tazarar ƙarafa biyu na dogo irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ce. In an raba sau 87 sai ta koma 16.5, ita ce kuma tazarar ƙaramin dogon da ake sayar musu. Amma wanda ke son kwaikwayon tsohon dogon Legas zuwa Kano ba zai taɓa wannan ba, don tsohon ya fi ƙunci, milimita 1,067 ne, dole ya nemo mai milimita 12. Milimita huɗu da rabi ce kacal tsakani, amma a wurinsu ita ce ta raba gaskiya da ƙarya.

Daga taya sai shasi, wato dogayen ƙarafa biyun nan da duk motar ke zaune a kansu. Langalanga ake nema, siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar kaya da shi. A miƙar da shi a kan dutse da 'yar guduma, sannan a karya gefensa ya yi kwana tun daga farko har ƙarshe. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe lanƙwashewa yake da an ɗora masa nauyi, mai kwana kuwa tsayawa yake, kuma in ka leƙa shasin motar gaske za ka ga shi ma haka aka naɗe shi. Huda kuma a kan katako ake yi, da ƙusa, bugu ɗaya. A goge tsinin da ya fito ta baya, a zura guntuwar waya, a daddale kanta biyu har ta kama.

Sifirin shi ne inda nake son mai karatu ya ɗan tsaya, don a nan ilimin yake ɓoye. A babbar mota, sifirin faifayen ƙarfe ne da aka jera kan juna, na sama ya fi tsawo, kowane na ƙasa ya fi na samansa gajarta. Gwani zai yanko langalanga uku ko huɗu a haka, ya ja kowanne a jikin kwalba har ya ɗan yi baka, ya jera su, ya ɗaure tsakiyarsu da jar waya da ya warware daga ƙonanniyar fanka. Sai ya kafe kai ɗaya a jikin shasi, ɗaya kan kuma ya bar shi a sake cikin 'yar maɗauri. Me ya sa? Domin sifirin in nauyi ya danne shi miƙewa yake, in ya miƙe kuma tsawonsa ƙaruwa yake. In an kafe kai biyu ba shi da inda zai je, ya zama ado kawai. Ba wanda ya karanta masa wannan. Ya gani ne ranar da ya tsaya ana loda siminti, buhu na sauka, bakan ƙarfen na kwanciya a hankali. In ya gama, zai danna bodin da babban yatsa ya saki. In motar ta nutsa ta taso, an samu. In ta tsaya ƙyam, a kwance a sake.

Taya kuwa tsohon silifa ne. Gwani ya wasa bakin ƙaramin gwangwanin tumatir a kan siminti, ya danna a kan robar ya murza, taya ta fito, kuma ta ashirin za ta zo daidai da ta farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don tirela mai layin taya uku a kai da uku a bodi taya 22 take ci, ban da safaya. Tsakiyar taya ba a cankarta. Ya yanki takarda daidai girman tayar, ya ninka biyu, ya sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne cibiya. Kuskuren da bai kai kan allura biyu ba ya isa ya sa mota ɗingishi. Zanen bayan taya da waya mai zafi ake yi, wili kuma murfin kwalba ne da aka daddale. Sandar da ke riƙe da tayoyin sifok ne, siririyar wayar nan ta wilin keke, a zura ta cikin bututun tsohon biro don ta juya ba tare da karkarwa ba.

Sai sitiyari. Ɗan koyo kan kafa ƙusa ɗaya a tsakiya, sandar gaba gaba ɗayanta ta riƙa juyawa. Yana aiki, amma ba haka mota ke shan kwana ba. Gwani kan ba kowace tayar gaba tata ƙusar da take juyawa a kai, da ɗan hannu a bayanta, sannan ya haɗa hannuwan biyu da waya a gicciye. Doguwar wayar sitiyari ta taso daga cikin kai har ƙugun mai tuƙi, ta ƙare da zobe. In ya murza, wayar giccin ta ja, tayoyin su karkata tare. Akwai wani ɗan sirri kuma: hannuwan nan biyu ba a miƙe suke ba, an ɗan karkato su ciki, don tayar da ke cikin kwana ta fi ta waje karyawa. Duk wanda ya taɓa duba sawun mota a kan yashi ya ga da'irar ciki ta fi ta waje ƙanƙanta. Gani kam kowa ya gani, amma ba kowa ne ya tambayi kansa abin da hakan ke nufi ba.

Kan motar da kwali ake fara yi. Sai kwalin ya zauna daidai kafin a shimfiɗa gwangwani a zana a kansa, don kwali ba shi da tsada, gwangwani mai faɗi kuwa sai an nema. A yanka a bar 'yan harsuna a gefe, a kalmashe baki don kada ya yanki hannu, sannan a zo ga darma. Wannan fasaha ta masu ƙera aci-balbal da mazurari ce: a sa ƙarfe a garwashi ya yi zafi, a kankare wurin haɗi har ya yi fari, a ɗiga ɗan asid ya cinye datti, a taɓa darma ta narke ta bi layi da kanta. In ta dunƙule ta ƙi gudu, ko ƙarfen bai yi zafi ba ko wurin bai kankaru ba. Gilashin gaba daga kafaɗar gorar ruwa ake yanko shi, inda robar ta riga ta yi lanƙwasa. Fitilu ƙwayayen matacciyar tocila ne, batir kuma a ɓoye cikin tankin mai. A bayan kai akwai ɗan faranti mai rami, inda ƙusar bodi ke faɗawa, bodin ya riƙa juyawa a kai.

Fenti ba ya ɗaukar dogon bayani, shafi biyu ko uku marasa kauri, a bar kowanne ya bushe inda ƙura ba ta kai. Rubutun goshi da zaki ko mikiya na bayan bodi, da tsinke ake yi ko gashin kaza ɗaya. Abin da ke biyo bayan fenti shi ne ke ɗaure wa mutane kai. Mota ta fito tsaf tana ƙyalli, sai mai ita ya ɗauko jar ƙasa. Ƙanen da ya wuni yana riƙe masa filaya ba ya iya haƙuri, sai ka ji: "Haba Hamma, ai ka ɓata ta!" Shi kuwa Hamma ya san ba a taɓa ganin tirela mai tsabta ta sauko daga hanyar Gombe ba.

Tsufar da mota aiki ne mai ƙa'ida, ba yaɓe ba ne. Ya niƙa ƙasar, ya tace da tsumma, ya dama da ruwa da ɗan gam, ya tsoma tsohon buroshin haƙori, ya karce gashin da yatsa ta fantsama. Daga ƙasa take tasowa, ta bayan kowace taya, tana raguwa in ta yi sama, don haka taya ke watsa taɓo. Baƙin hayaƙi daga bakin fitila ake lakato shi, a shafa daidai inda salansa ke huci, ba ko'ina ba. Baƙin mai ɗigo ɗaya ne a bakin tanki, a bar shi ya gangaro da kansa. Tsatsa ma ta gaske ake yi: a kankare fenti a wajen maɗaurin ƙofa da bakin madigadi, a ɗiga ruwan gishiri, a bar shi ya kwana. A gilashin da ya yi ƙura, sai ya share rabin da'ira biyu, sawun waifa. Har lokaci yake zaɓa: ƙurar hunturu fara ce tana kwanciya ta sama, taɓon damina ja ne yana tasowa ta ƙasa, kuma mota ɗaya ba ta ɗaukar biyun a rana ɗaya. In gingimarin shanu ne irin waɗanda ke tasowa daga Mubi ko Ngurore za su Kudu, sai an gitta sanduna a sama, an rataya igiya, an zuba ciyawa a ƙasa. Masu ƙananan jirage suna da littattafai sukutum a kan wannan babi. Sukan shafa wa gefen dogo launin tsatsa su bar samansa yana sheƙi, don a dogon gaske ƙafar jirgi ce ke goge saman kullum.

Duk wannan kamanni ne a tsaye. Sauran rabin gwanintar sai mota ta motsa ake ganinsa. A wurin ƙwararrun masu ƙananan jirage, jirgin da ke ta zagaye ba inda za shi wasan yara ne. Kowane tarago da katinsa mai nuna abin da ya ɗauko da tashar da za a ajiye shi, akwai jadawali, akwai mai ba da hanya, har agogo na musamman suke da shi mai gudu fiye da na bango, don nisan tashoshinsu taku kaɗan ne. Jirgin da a gaske yake gudun kilomita 60 a awa, a ma'aunin HO santimita 19 kawai zai ci a daƙiƙa, kimanin taƙi ɗaya. Wanda ya fi haka gudu ya tona wa kansa asiri.

Je ka filin unguwa da la'asar ka ga irin wannan tsari ba tare da takarda ba. An share hanya a kan yashi, an gitta katako a kan kwata ya zama gada, ga tasha da ɗan kamasho, ga mai faci a gefe, ga shinge inda ba a wucewa sai an yi gaisuwa. Lodi ma da lissafinsa. Tirelar siminti buhu 600 take ɗauka, kowanne kilo 50, tan 30 ke nan. Motar da aka rage sau 20 a tsawo, an rage ta sau 20 a faɗi, sau 20 a tsayi, wato sau 8,000, saboda haka cikakken lodinta kilo 4 ba kaɗan ne. Gwani bai yi wannan lissafi a allo ba, amma zai yi ta ƙara 'yan ƙullin yashi har sifirin ya kwanta yadda ya ga na gaske ya kwanta. Gudu ma haka. Kilomita 60 in an raba sau 20 saura 3 a awa, bai kai tafiyar mutum ba. Shi ya sa, yayin da ƙananan yara ke sheƙawa da motocinsu a guje, gwani yana takawa sannu, yana rage tafiya a bakin gada, yana buɗewa waje kafin ya sha kwana don kada tayoyin baya su hau kan dutse. In ya tsaya a gangare, sai an sa weji.

Jarrabawar ƙarshe ribas ce. Tirela in ana baya da ita, ka murza dama bodi ya nufi hagu, in ka yi garaje kuma kai da bodi su naɗe. Wannan doka ba ta san babba ko ƙarami ba. Yadda take kama direba a bakin kantin siminti haka take kama yaro a filin yashi. Wanda ya iya shigar da tirela mai taƙi huɗu tsakanin bulo biyu da baya, shiga ɗaya, ya riga ya san abin da yaran mota ke shekara suna koyo.

Sau da yawa ba nisa da inda ake wannan aiki akwai majalisa a gindin dalbejiya. Daga azahar zuwa magariba ana musun ƙwallon Turai, yatsa na ta shafar fuskar waya, in an waiwayo a ce wa gwanin, "Har yanzu wasan yara kake?" Hira ba laifi ba ce. Sai dai in an kira salla, gwanin ya tashi da sifirin huɗu da babu su da safe, su kuma gobe daga inda musun ya tsaya za su ɗora. Hannun da ya saba da darma da huda da awo ba ya shan wahala ranar da ya shiga gareji ko shagon walda, kuma malaman makarantun fasaha na Yola za su yi dace in suka riƙa leƙa irin waɗannan lunguna kafin su ce babu yara masu basira.

Kai kuma mai karatu, in aka tallata maka irin wannan mota, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Juya ta ka duba cikinta. Danna bodin ka ga ko zai taso, murza sitiyari ka ga ko tayar ciki ta fi ta waje karyawa, ƙirga tayoyin. In duk sun cika, biya abin da ya faɗa, kada ka taya.